Ajin Da Zai Ɗauki Kowa

Abin da na ke so in yi magana a kansa bana ba baƙon abu ba ne, ɗakin nan ne da mu ke shiga kullum tun ƙarfe takwas na safe har azahar, watau aji. Sau da yawa idan yaro ya faɗi jarrabawa sai a ce daƙiƙi ne, ko malalaci, ko kuwa a ɗora wa malami laifi. Da wuya ka ji wanda ya tambaya, shin a ina yaron nan ya ke zama? Yana ganin allo? Yana jin muryar Malam? Ni ma ban taɓa kawo wannan a raina ba, sai da wani abu ya faru a ajinmu sa'ad da mu ke aji uku.

Akwai wani abokina da muka shigo makarantar nan rana ɗaya. Ba zan ambaci sunansa ba, ko da ya ke da izininsa na ke ba da labarin. Zabiya ne, watau Allah ya halicce shi da farar fata da farin gashi, ga shi kuma ya fi kowa tsawo a ajin. To, kun san al'adarmu: ranar farko a kan jera mu bisa ga tsawo, gajeru gaba, dogaye baya. Ta haka ya sami kansa a bencin ƙarshe, jikin tagar gabas, inda rana ke dukansa tun da safe har hantsi ya dubi ludayi. Shekara biyu da 'yan watanni yana nan. Mu 74 ne a ajin, bai taɓa zuwa sama da na 60 ba. Abin mamaki kuwa, idan Malam ya karanta labari ya yi tambaya da baki, shi ke fara ɗaga hannu.

Wata rana aka kama ni da surutu, aka kore ni baya na mako guda. Nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Abokin nan nawa ba ya duban allo ko kaɗan. Sai ya jira na kusa da shi ya rubuta, sa'an nan ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takarda, ya kwafa. Kafin ya kai rabi an goge allo, an shiga wani darasi. Na ce masa, "Kai, me ya hana ka kwafa daga allo?" Ya ce, "Daga nan ba na ganin kome sai wani baƙin abu da hazo a kansa." Na ce, "To, don me ba ka faɗa ba?" Ya ce, "Dariyar da a ke yi mini ba ta isa ba, sai na ƙaro wata?" Daga baya ya gaya mini cewa mahaifinsa ya yanke shawara, in sakamakon wannan zango bai gyaru ba, zai cire shi ya kai shi kasuwa ya riƙa taya shi awon hatsi.

Da aka tashi na sami Malamin ajinmu a ofishin malamai, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da magana." Ya saurare ni har na gama, bai ce uffan ba. Bayan kwana biyu sai ga shi da wata doguwar takarda da ya aro a asibiti, mai manyan baƙaƙe a sama, suna ƙanƙancewa har ƙasa. Ya gaya mana wani likitan ido na ƙasar Holan mai suna Herman Snellen ne ya ƙago ta a 1862. Aka kafa ta a bango, aka auna mita 6, kowa ya tsaya ya rufe ido ɗaya ya karanta, sa'an nan ya rufe ɗayan. Abokina bai wuce layin farko ba. Ashe kuwa ba shi kaɗai ba ne, an sami mutum bakwai da layukan ƙasa suka gagare su, uku daga cikinsu kuwa a baya su ke zama.

Ya kamata in tsaya nan in yi bayani, gama akwai camfe-camfe da yawa a kan zabiya. Ba tsinuwa ba ce, ba cuta mai yaɗuwa ba ce, ba kuma laifin uwa ba ne. Akwai wani sinadari a jikin mutum wanda masana ke kira melanin, shi ke ba fata da gashi da ido launi. Jikin zabiya ba ya yin isasshensa, gadon abin kuwa daga uwa da uba duka ya ke zuwa, ko da su kansu baƙaƙe ne. Rashin wannan sinadari ya kan sa ido ya yi rauni tun daga haihuwa, ya kasa jure haske, sau da yawa kuma ƙwayar idon ta riƙa rawa. Tabarau ya kan taimaka, amma ba ya gyara abin gaba ɗaya. Fata kuma ba ta da kāriya, zafin rana na shekara da shekaru yana iya jawo mata ciwon daji. Saboda haka kai irin wannan yaro bakin kasuwa ya wuni a rana, bayan raba shi da karatu, jefa lafiyarsa ne cikin hatsari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga watan Yuni don wayar da kan jama'a a kan wannan, an kuwa fara kiyaye ta a 2015.

Malam ya mai da shi bencin farko, a gefen yamma inda rana ba ta shigowa da safe, ta yadda tsawonsa ba zai tare kowa ba. Ya ba shi izini ya tashi ya matsa jikin allo duk sa'ad da ya ga dama. Ya nemo masa yardar shugaban makaranta ya sa riga mai dogon hannu da hular hana-salla, ya kuma tsaya gindin darbejiya lokacin asambuli. Ranar Asabar muka raka Malam gidansu. Mahaifin ya karɓe mu a zaure, ya ji bayani, ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ni na ɗauka ƙwaƙwalwar ce babu. Na sha dukansa a kan wannan. Allah ya yafe mini." Ya yarda a ba shi zango ɗaya. A ƙarshen zangon ya zo na 23. Ba na ɗaya ya zo ba, kada a ce na yi ƙari, amma maganar kasuwa ta mutu.

Wannan abu ya tayar wa Malam da hankali ƙwarai. Sai ya ce kowa ya yagi takarda ya rubuta abin da ke damunsa a aji, kada ya sa suna. Da ya karanta mana su, sai aji ya yi tsit. Wani ya ce tun da ya yi ciwon sanƙarau kunnensa na dama ba ya ji, ga shi an zaunar da shi inda kunnen mai ji ke fuskantar bango. Wani bahago ne, kullum gwiwar hannunsa tana karo da ta maƙwabcinsa. Wani mai sikila ya ce tagar da ba ta da murfi ita ke kwantar da shi kowane hunturu. Wani ya ce yana da i'ina, ya san amsa, amma kafin ya fitar da ita an wuce shi ana dariya. Wani ya ce daga ƙauye ya zo, Turancin Malamin Kimiyya gudu ya ke yi masa. Akwai kuma wanda ke tafiya da sanduna biyu saboda shan inna, shi bai ma rubuta kome ba, don kowa yana ganin yadda ya ke fama da matakalar baranda. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yi masa yoyo, mu kuwa muna ɗaki ɗaya ba mu san na juna ba.

Daga nan ne na shiga bincike a laburare da wajen malamai, ga kuma abin da na samo. A zamanin da, dabarar da duniya ta sani ita ce a gina wa makafi makarantarsu, kurame tasu. An kuwa yi aiki mai girma ta wannan hanya. Louis Braille, wanda aka haifa a Faransa a 1809, ya soke idonsa da basilla a shagon mahaifinsa yana ɗan shekara uku, ciwon ya kama ɗayan idon, ya makance. A makarantar makafi ta birnin Faris, yana da shekara 15 kacal, ya shirya rubutun nan na ɗige-ɗige da a ke shafawa da yatsa. Ɗigo shida ne a gida ɗaya, ana sarrafa su su ba da alamu 63. A ƙasarmu, mishan sun buɗe makarantar makafi ta Gindiri, cikin Jihar Filato ta yanzu, a 1953. Wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960. Daga nan ne maganar hannu irin ta Amurka ta sami gindin zama a makarantunmu, shi ya sa ta sha bamban da wadda kuramen Kano ke yi a tsakaninsu tun kaka da kakanni. A Kano akwai makarantar Tudun Maliki, a garin Oyo kuma akwai kwalejin gwamnatin tarayya da ke horar da malaman irin waɗannan yara.

Ba wanda zai raina waɗannan makarantu. Amma fa kaɗan ne, suna da nisa, yaro ƙarami sai ya bar uwa da uba ya tafi. Ban da haka, ina za a kai zabiya, da bahago, da mai kunne ɗaya, da mai i'ina? Su ba makafi ba, ba kurame ba, suna nan cikin kowane aji. Saboda irin wannan tunani ne wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 suka taru a garin Salamanka na ƙasar Sifen cikin watan Yuni na 1994, ƙarƙashin hukumar UNESCO. Abin da suka tsayar shi ne, makarantar unguwa ta karɓi kowane yaro, kuma makarantar ce za ta gyara kanta ta dace da yaro. A Nijeriya ma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu a watan Janairu na 2019. Dokar ta ba su haƙƙin ilmi kyauta har ƙarshen sakandare, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika a watan Janairu na 2024. Kowa ya dubi matakalar ajinsa ya yi wa kansa hukunci.

Mutumin da labarinsa ya fi burge ni shi ne Ronald Mace, wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka. Shan inna ta kama shi yana da shekara tara, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu har ya rasu a 1998. Ra'ayinsa shi ne, kada a gama gini sa'an nan a zo ana fasa bango don gurgu. A zana shi tun farko yadda kowa zai amfana, tun ran gini tun ran zane. Idan ka yi gangare a bakin ƙofa don mai keke, tsoho ma zai bi, mai juna biyu za ta bi, mai turo baro zai bi. Masana ilmi suka ɗauki wannan ra'ayi suka kai shi cikin aji. Mun kuwa ga gaskiyarsa da idonmu: da Malam ya fara yin manyan baƙaƙe a allo saboda mutum ɗaya, duk 'yan baya suka ce sun huta.

To, yaya a ke shirya irin wannan aji? Mu fara da haske. Allon da ya koɗe ya zama toka-toka, farin alli ba ya fitowa a kansa, sai a shafe shi da baƙin fenti marar ƙyalli. Mai ƙyalli ya kan mai da hasken taga cikin idon yara, har na gefe su kasa ganin kome. Malami ya je bencin ƙarshe ya dubi rubutunsa da kansa, ya kuma riƙa faɗin abin da ya ke rubutawa da baki. Kada kuma ya tsaya taga tana bayansa, don fuskarsa za ta zama inuwa.

Maganar fuska ta kawo mu ga murya. Mun koya a darasin Fizis cewa a fili, idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin sauti ya kan ragu zuwa kashi ɗaya bisa huɗu. A cikin ɗaki bango yana mai da amo, amma amon nan ya kan cakuɗa kalmomi ne kawai. Ƙara da surutun ajin maƙwabta, da rufin kwano marar silin idan ruwa ya sauko, sai ka ga ɗan baya rabin darasi ya ke samu. Mai raunin ji kuwa da ido ya ke cika abin da kunne ya rasa, yana duban leɓen mai magana. Idan malami ya juya wa aji baya yana rubutu yana bayani, to, ya rufe masa littafi. Ihu ba ya magani, sai ma ya ɓata siffar baki. Abin da a ke so shi ne a fuskance shi, a yi magana dalla-dalla, a zaunar da shi gaba da kunnensa mai ji wajen malami, idan kuma wani ya yi tambaya daga baya malami ya maimaita ta kafin ya amsa.

Wurin zama shi ya fi ba mu wahala. A littattafai na ga hotunan azuzuwa masu tebur ɗai-ɗai marasa nauyi, yau a jera su kamar harafin U don tattaunawa, gobe a haɗa su huɗu-huɗu don aikin rukuni. Mu kuwa bencinmu haɗe ya ke da teburinsa, mutum biyu ke ɗaga shi da ƙyar, na mutum uku ne amma huɗu ke zama. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce ɗalibai 40 ga malami ɗaya a sakandare, mu mun kusa ninka wannan. Harafin U bai yiwu ba. Abin da muka yi shi ne, muka kai dogaye layukan gefe jikin bango, gajeru suka koma tsakiya, sa'an nan kowace Litinin kowane benci ya matsa gaba da ɗaya, na gaba ya koma baya. Bencin farko kaɗai ba ya juyawa, na masu lalurar ido da kunne ne. An yi rigima a makon farko, don akwai waɗanda suka ɗauki gaba gadon gidansu, akwai kuma 'yan baya da ba su so a raba su da barcinsu. Bahago muka sa shi a ƙarshen benci ta hagu, karo ya ƙare. An ce cikin mutum goma a kan sami bahago kamar ɗaya. Cin abinci da dama tarbiyyarmu ce, ba ni da ja a kai, amma dukan yaro don ya rubuta da dama ba abin da ya ke ƙara masa sai mummunan rubutu da tsoron biro. Tagar nan kuwa da kwali da ƙusa huɗu muka rufe ta, aka kuma yarda mai sikila ya shigo da gorar ruwansa, gama sanyi da ƙishirwa suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon.

Amma ko an gyara ɗaki, in hanyar koyarwa ɗaya ce tak, watau malami ya rubuta, yara su kwafa, su haddace, su mayar ranar jarrabawa, to, an yi rabin aiki. Masana sun ce a kawo darasi ta hanya fiye da ɗaya, a kuma bar yaro ya nuna abin da ya gane ta hanya fiye da ɗaya. Malamin Labarin Ƙasa ya gwada wannan da muka zo kan Kogin Kwara da Binuwai. Ya yi bayani da baki, ya zana a allo, sa'an nan ya fitar da mu waje muka gina taswira da yashi, muka zuba ruwa ya bi kwari har ya haɗu a Lakwaja. Wanda Turanci ke yi wa gudu, na kusa da shi ya fassara masa da Hausa cikin minti biyu, ba a ci shi tarar yin yaren gida ba. Mai i'ina aka ba shi tambayarsa tun jiya, ya zo da shirinsa, aka kuma jira shi har ya gama. Akwai ma wata lalura da a ke kira disleksiya, inda yaro mai kaifin hankali baƙaƙe ke rikice masa. Ku duba namu na Hausa, b da ɓ da d da ɗ, sai ku tausaya masa. Irin wannan yaro in aka tambaye shi da baki, ko aka ƙara masa lokaci, sai a ga ashe ya san abin. Ƙarin lokaci ba alfarma ba ce, gama abin da a ke son aunawa shi ne saninsa, ba saurin idonsa ba. Hukumar JAMB ma tun 2017 ta ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a a cibiyoyi na musamman.

Da na gaya wa kakana duk wannan, sai ya yi dariya ya ce, "Ashe sai yanzu 'yan boko suka gano?" Ya tuna mini makarantar allo. A can kowane yaro da allonsa, da inda ya tsaya. Kolo yana fama da babbaƙu, titibiri yana tsakiyar izu, gardi yana tilawa, duk a zaure ɗaya. Ba a wanke wa yaro allo sai ya iya, ba a kuma tsai da mai ƙwazo ya jira wani. Manya suna biya wa ƙanana. Makaho ya kan zauna cikin sahu ya haddace da kunne, har ya zama alaramma. Ya ce Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, amma ladanin Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har a kan bar masa Madina ya ja salla idan an fita. Mu ma a darasin Hausa mun san Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne tun yana ƙarami. Na yarda da kakana a kan wannan, ko da ya ke ban yarda da shi a kan bulala ba.

Kada in ɓoye muku, akwai masu suka, kuma ba duk maganarsu ce banza ba. Wani malami ya ce mini, "Yaro, ina da azuzuwa shida, kowanne da mutum sama da 70, minti 40 a ke ba ni. Ta yaya zan bi kowa da irin tasa?" Gaskiya ya faɗa. Har wa yau, idan aka ɗauko yaron da ba ya ji sam aka ajiye shi a ajinmu, ba mai fassara da hannu, ba malamin da aka horar, sa'an nan aka ce an haɗa shi da 'yan'uwansa, to, an cuce shi, gara Tudun Maliki sau goma. Makaho kuma yana buƙatar allon rubutunsa da littattafan ɗigo, ko na'urar da ke karanta rubutu da murya. Waɗannan kuɗi ne, aikin hukuma ne, ba na monita ba. Amma abin da na ke ja da shi shi ne a fake da babban abin da ba a iya ba, a ƙi yin ƙaramin da ba ya cin sisin kwabo. Mai da yaro daga bencin baya zuwa na gaba bai ci mana kome ba, alhali rashinsa ya ci wa abokina shekara biyu.

Ku kuma iyayenmu, idan kuka ga yaro yana kai littafi jikin ido, ko yana kanne ido in zai dubi nesa, ko yana karkata kai in ana yi masa magana, ko kunnensa yana zubar da ruwa, ku kai shi asibiti kafin ku kai shi ga bulala. Idan kun san yana da wata lalura, ku gaya wa malamin ajinsa tun ranar farko. Malaminmu ya ce cikin duk waɗanda suka rubuta takardun nan, ba ko ɗaya da iyayensa suka taɓa zuwa suka faɗa.

Saura magana ɗaya da har yanzu ba mu gama da ita ba, watau matakala. Ƙa'idar masu gini ita ce, kowane santimita ɗaya na tsawon mataki yana buƙatar santimita 12 na gangare, in ba haka ba mai keke ba zai iya hawa da kansa ba. Barandar ajinmu santimita 30 ce daga ƙasa, saboda haka gangaren zai kai santimita 360, faɗinsa kuma kada ya gaza kamar santimita 90. Mun auna, mun tara duwatsu da marmara mun dandaɓe, ya yi mana aiki duk rani, ruwan watan Agusta ya zo ya tafi da shi. Wani magini cikin iyayen yara ya duba ya ce da buhun siminti biyar da ƙarfen dafawa zai yi mana na ajinmu da na ɗakin kimiyya, ba zai karɓi ladan aiki ba. Shugaban makaranta ya yarda a sa maganar cikin taron iyaye da malamai na Asabar ta farko a zango mai zuwa. Ɗakin kimiyya matakalarsa uku ce, kuma a can ne ɗan'uwanmu mai sanduna zai yi jarrabawar gwaji ta fita baɗi. A yanzu mutum biyu ke ɗaga shi duk ranar Talata da Alhamis.